Hajiya Ƙarama Ba Ta da Takarda

Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba. In tana son ya zo sai ta ce wa ɗaya daga cikinmu, "Kira min wancan." In baƙuwa ta tambaye ta ina ɗanta na fari, sai ta kau da kai ta ce ai yana nan. Haka na tashi na gani a ƙauyenmu, haka kuma na ƙullo shi na zo da shi Fatakwal tare da tukwanena da tabarmata. Ɗan fari ba a kiran sunansa. Suruka ba a kiran sunanta. Ba da baki ake koya wa yarinya wannan ba, da ido take ɗauka.

To ni sai Allah ya haɗa min biyun a kan mutum ɗaya. Da na haifi 'yata ta fari, maigidana ya sa mata sunan mahaifiyarsa, wadda muke zaune gida ɗaya da ita, ƙofar ɗakinta na kallon tawa. Ita tsohuwar kowa a unguwa Hajiya yake ce mata, don haka jaririyar ta zama Hajiya Ƙarama tun cibiyarta ba ta faɗi ba. Ranar suna na ji an yi shelar sunan daga ƙofar gida. Na haɗiye shi, ban sake fito da shi ba.

Maigidana albasa yake sayarwa a kasuwar Oil Mill. Ni kuma awara nake soyawa a bakin layinmu da yamma, 'yan okada da 'yan dako su ne masu sayena. Karatuna aji uku ne na firamare, shi ma rabinsa a gona na yi shi. Ina gane lamba, ina gane harafin farko na sunana, iyakarta ke nan. Sai dai ido gare ni, kuma zuciyata ba ta kwanciya. Tun ina yarinya ake ce min mai tsoron abin da bai zo ba.

Matan unguwarmu suna da ƙungiya. Daga adashi ta taso, amma ta wuce adashi: an yi mata rajista, tana da shugaba da sakatariya da ma'aji, abin da aka tara kuma banki ake kai shi. Hajiya tana cikin waɗanda suka kafa ta, kujerarta a gaba take, ita ce ma ta shigar da ni. Bayan asusun kowace mace akwai na yara. Uwa takan jefa ɗan abin da ya sawwaƙa da sunan ɗanta, ba a taɓawa sai maganar makaranta ta taso. Wannan shi ne ya fi jan hankalina, domin na rantse 'yata ba za ta tsaya inda na tsaya ba.

Ranar da na buɗe mata asusun, sakatariya ce ta cika fom ɗin. Wata babbar yayarmu ce a unguwa, haifaffiyar Fatakwal, ta yi sakandare, Turancin buroka a bakinta kamar ruwan famfo. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Sunan yarinya?"

Hajiya tana zaune, tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Na ce, "Hajiya Ƙarama."

Ta rubuta. Ita ma ai haka take kiran ta. Ta turo min tawada na dangwala, aka ba ni kati mai launin shuɗi, na kai shi ɗaki na sa a ƙarƙashin zannuwana. Babu wadda ta ga wani abu a ciki, har ni.

Shekara biyu muna haka. Sai na sake samun ciki, sai kuma maƙwabciyata ta rasu.

Mai kunun zaƙi ce, kusa da kaskona take ajiye robarta. Kowa Maman Biyu yake ce mata saboda tagwayenta. Ta tafi haihuwa da ƙafarta, aka dawo da ita a likkafani. Bayan an share makoki mijinta ya zo neman abin da ta tara wa yaran, don shekarar ce za a sa su makaranta. Ƙungiya ba ta hana shi ba, kowa ya san nata ne. Amma da aka je banki fitarwa sai aka ce a kawo takardar mai asusun. Katinta an rubuta Maman Biyu. Katin yaran an rubuta laƙabin da take kiran su da shi. Takardunsu kuwa wasu sunaye ne daban. Na ga bawan Allahn nan yana zuwa yana dawowa, yau a ce ya je kotu ya yi rantsuwa, gobe a ce ya kawo shaidu, ga jaririya a hannun ƙanwarsa. Har aka rufe ɗaukar yara a makarantar ba a gama ba. Tagwayen suka yi wannan shekarar suna wasa a bakin kwata.

Ni a lokacin cikina wata bakwai, ƙafafuna sun kumbura har silifas ba ya shiga. Duk sanda na kalli inda robar kununta take tsayawa sai gabana ya faɗi.

Abin da ya faru da ita ne ya sa shugabannin ƙungiya suka nemo wadda za ta zo ta koyar da mu. Aka ce kowace mace ta zo ran Asabar bayan azahar, a ajin Islamiyyar unguwa, ta taho da katinta.

Madam muke ce mata. Inyamura ce 'yar Enugu, doguwa, ga tabarau a rataye a wuya. Ta ce a unguwar Obiagu ta tashi, maƙwabtansu Hausawa mahauta, a nan ta tsinci Hausarta. Hausar tana tafiya, sai dai ba ta san mace da namiji ba, kowa "kai" ne a wurinta. Ta ce wa shugabarmu, tsohuwa mai jikoki, "Kai, Alhaji, zauna," muka yi dariya har da masu hawaye. Ita ma ta yi. Daga nan muka saki jiki da ita.

Asabar uku ta yi mana. Ba zan ce na riƙe komai ba, amma abin da na riƙe na riƙe shi da kyau. Ta ce lambar sirrin kati ba a gaya wa kowa, ko mai na'urar cire kuɗi na bakin titi, ko ɗan cikinka.

Wata mai waina ta ce, "Ko maigida?"

Madam ta ce, "Maigida ya gaya maka nashi?"

Ajin ya kaure da dariya. Mai wainar ta ce, "Wallahi Madam kin san su."

Ta ce ƙungiya ba ta shugaba ba ce, ba ta sakatariya ba ce, ta kowace mai kati ce, kuma duk wadda ta yi tambaya a taro ba rashin kunya ta yi ba. Ta ce haƙƙinki ne kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ita da harshen da kike ji ba. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce haƙƙi ba ya tafiya shi kaɗai, da ɗan'uwansa yake tafe. Nauyinki ne ki zo taro, nauyinki ne ki faɗi gaskiya a fom, nauyinki ne in an karanta miki kin ji ba daidai ba ki ce ba daidai ba ne. "In ka yi shiru ka dangwala," in ji ta, "kuskure ya zama naka. Yatsa ba ya cewa ban ji ba."

A Asabar ta biyu ta tattara katinan yara tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ina kallon hannunta. Da ta zo kan wani shuɗin kati mai ɗigon man gyaɗa a gefe, na san nawa ne. Ta sa tabarau.

"Hajiya Karama. Wane ne Hajiya Karama?"

Na ɗaga hannu a hankali. "'Yata ce."

"Shekara nawa?"

"Huɗu."

"Shekara huɗu ya je Makka? Da wane jirgi?"

Aka sake fashewa da dariya. Wata daga baya ta ce, "A goye ta yi ɗawafi!" Ni ban yi dariya ba. Sakatariya ta yi mata bayani da buroka, cewa laƙabi ne, yarinyar sunan kakarta ta ci, uwar kuma ba za ta iya faɗa ba. Madam ta gyaɗa kai, ta ce ta sani, ta ga irin haka a Obiagu, kuma abu ne mai kyau. Sannan ta juyo gare ni ta sassauta murya.

"Mai ciki, ji mana. A gida kira shi yadda ka ga dama. Amma wannan Hajiya Karama ba ya da takarda. Ba a haife shi a ko'ina ba. In wata rana kai ba ka nan, yarinya ya zo da takardar haihuwa, za a ce ba shi ba ne."

In wata rana ba na nan. Abin da nake kwana da shi nake tashi da shi, ga wata ta faɗe shi a fili da rana tsaka.

Ba ni kaɗai ba ce mai irin wannan katin, amma sauran ba su ɗauke shi da zafi ba. Madam ta ce Asabar mai zuwa, wadda ita ce ta ƙarshe, duk mai gyara ta zo da takardar haihuwar ɗanta. Za a cika sabon fom, a karanta a gaban shaidu biyu, uwa ta amsa, sannan ta dangwala.

Da maigidana ya dawo daga kasuwa, yana wanke ƙafa a bakin ɗaki, na ce, "Malam, ina takardar haihuwar yarinyar nan?"

"Tana wurin Hajiya. Duk takardun gidan nan a akwatinta suke."

"Ka karɓo min."

"Ke ba ki da baki ne?"

Kwana biyu ina juya maganar. Ran na uku na kai mata koko da safe, na durƙusa na gaishe ta, na tambayi kwanan ƙafarta, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta daɗe tana juya ludayi a kwano.

"Ke 'yar nan, me kike shiryawa ne?"

"Gyara za a yi, Hajiya."

"Na ji gyara. Ina wurin ai. Mace da tsohon ciki tana shirin yadda za a yi in ba ta nan. Mugun fata kike yi wa kanki ko kuwa? Ni haihuwa tara na yi, ban taɓa zama na raba kayana kafin naƙuda ba."

Na ce, "Maman Biyu ma ba ta zauna ba."

Ban san sanda maganar ta fita ba. Hajiya ta ajiye ludayin. Na zaci korata za ta yi. Sai ta miƙe da ƙyar, ta jawo akwatin ƙarfenta daga ƙarƙashin gado, ta zaro wata leda ta cillo min a cinya.

"Ga ta nan. Je ki ki gani ko takarda ce ke riƙe rai. Kuma in muna raye mu da muka haifi ubanta, ban san wanda zai hana ta abinta ba."

A zuciyata na ce ai mijin Maman Biyu ma yana raye. Amma wannan karon na kama bakina.

A ɗaki na buɗe ledar. Shekarar da ruwa ya shigo mana gida har gwiwa, ashe ya shiga akwatin. An busar da takardar amma ta yi tabo-tabo, tawadar ta bazu a wurare kamar an zubar da shayi. Ban iya karatu ba, amma na iya ganin inda rubutu ya narke.

Asabar ta zo da ruwa, irin na Fatakwal da ba ya sallama. Rufin ajin kwano ne, in ana ruwa sai ka ɗaga murya kamar mai kiran keke a tasha. Duk da haka mata sun cika, don an ce ranar za a raba lemo. Hajiya tana kujerarta a gaba, carbi a hannu, shugaba a gefenta. An sa tebur, sakatariya na rubutu, Madam na tsaye tana duba takardu. Shaidun su ne ma'aji da mai wainar nan.

Mata huɗu aka yi kafin ni. Nasu bai yi wuya ba: an karanta sunan daga takarda, sun rufe fuska da mayafi sun ce e, an yi musu tsiya kaɗan, sun dangwala. Na ce ashe abin da sauƙi. Ba sai na faɗa ba, e kawai zan ce.

Aka kira ni. Na miƙa ledar. Madam ta ɗaga takardar wajen hasken taga, ta karkatar da ita, ta goge tabarau da bakin rigarta.

Akwai sunaye biyu na mata da suke tafiya kamar 'yan uwa, farkonsu ɗaya, ƙarshensu ne ya raba su. Ruwa ƙarshen ya ci. Madam ta karanta abin da idonta ya ba ta, ta cike sauran da nata sanin, sai ta faɗi ɗayan. Ba na 'yata ba.

Sakatariya ta duƙa ta fara rubutawa. A nan na gane wani abu da ban taɓa tunani ba: ba ta san sunan Hajiya ba. Ita da aka haifa a layin nan, ta tashi ta ji ana cewa Hajiya, ba ta taɓa jin wani suna ba. Na waiwaya na dubi ajin. Matasan duk haka suke. Waɗanda suka sani ba su fi uku ba. Shugaba ta sani, don tare suka zo Fatakwal, amma sai ta juya ta kalli Hajiya tana jiran ta yi magana. Hajiya kuwa idonta na kan carbi. Ta ji sarai. Na ga yatsanta ya tsaya a kan ƙwaya ɗaya, sannan ya ci gaba.

Sakatariya ta gama, ta karanta fom ɗin da Hausa tun daga sama, ta zo kan sunan ta maimaita shi yadda Madam ta faɗa. Ta turo tawada.

"Haka ne?"

Jaririn cikina ya motsa. Na ce a raina in na ce e, yau na fita lafiya, babu mai cewa komai. Wata rana a gyara. Sai na tuna wata ranar nan ita ce abin da ba ni da tabbacinsa.

Na ce, "Ba haka ba ne."

Sakatariya ta ce, "To yaya ne? Ke dai kin cika fitina. Ga shi a takarda."

"Ruwa ya ci takardar."

Madam ta matso. "To faɗa mana daidai. Abin da muka rubuta yau, da shi za a je ofis a fitar da sabuwar takarda. Sai ya yi daidai da littafinsu."

Na kalli Hajiya. Wallahi da ido na roƙe ta. Kalma ɗaya ce, sunanta ne, ita babu abin da zai hana ta faɗa. Ba ta ɗago ba.

Na kai bakina kunnen Madam na raɗa mata. Ruwa na dukan kwano. Ta ce, "Eh? Ban ji ba." Na sake. Ta girgiza kai, ta nuna ma'aji da mai waina. "Ba ni ba. Su. Shaida sai ya ji da kunnensa."

Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba. Ina jin haushi ne ya fi yawa a ciki, haushin ruwan, haushin takardar, haushin tsohuwar da ta zauna tana jan carbi ana shirin ba wa jikarta sunan wata. Na dafa teburin da hannu biyu, na ɗaga murya yadda nake kiran masu sayen awara, na faɗi sunan.

Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu."

Sakatariya ta riƙe biro a sama. "Da wane harafi ya ƙare?"

"Ban san harafi ba. Ki saurara." Na sake faɗa, na ja ƙarshen.

Mai waina ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Madam ta ce wa shaidun, "Kun ji?" Ma'aji ta ce ta ji. Mai waina ta ce, "Ai har 'yan Oil Mill sun ji."

Aka yage wancan fom ɗin aka cika sabo. Na ce a karanta min tun daga farko, kada a tsallake komai. Da sakatariya ta zo kan sunan sai ta yi ƙasa da murya, yanzu da ta san na wace ce. Na ce ban ji ba. Ta harare ni ta ɗaga murya. Na maimaita bayanta, karo na uku ke nan, sannan na ce, "Haka ne." Na dangwala har tawadar ta fito ta bayan takardar.

Kafin in juyo Hajiya ta tashi. Ta bar lemarta a jingine da kujera, ta fita cikin ruwan.

Kwana tara ba ta ci abincina ba. In na kai sai in dawo in tarar da kwanon a bakin ƙofa yadda na rufe shi. Gidan shugaba take aikawa a kawo mata. A bakin famfo kuwa na zama abin nuni. "Ga mai kiran suna nan." "A matsa mata, kada ta kira namu." Wata ma cewa ta yi zaman kudu ne ya lalata ni, ita da ko arewar ba ta taɓa gani ba. Da farko shiru nake yi. Ranar da abin ya ishe ni na sauke bokitina na ce, "Na kira. Sau uku ma. Ke je ki a karanta miki abin da ke katin ɗanki, in ya so ki dawo mu yi maganar kunya." Daga baya na ga biyu daga cikinsu a ƙofar sakatariya da ledoji a hannu, suka yi kamar ba su gan ni ba.

Maigidana ya ce, "Kin kunyata ni. Har a kasuwa an ji. Ki je ki ba ta haƙuri."

Na ce, "Malam, da ka karɓo min takardar ka zo ka faɗa da bakinka, ai da ba a ji ba."

"Uwata ce. Ni ma ba na kiran sunanta."

"To 'yarka fa, wa zai kira nata?"

Ya ɗauki hularsa ya fita. Amma ran Litinin bai je kasuwa da safe ba. Shi ya ɗauki tsohuwar takardar da kwafin fom ɗin ya tafi ofishin da ake fitar da sabuwa.

Haƙurin kuwa na je na bayar, don uwa ce kuma ba na son in shiga ɗakin haihuwa da fushinta a kaina. Na durƙusa da ƙyar, cikin ya hana ni kaiwa ƙasa sosai.

"Hajiya, ki yafe min ɓacin ran da na sa miki a gaban mutane."

"Kin gane kin yi laifi ke nan."

"Na gane ranki ya ɓaci. Amma Hajiya, in aka dawo da ranar, zan sake faɗa."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "To me kika zo yi?"

"Gaishe ki na zo yi."

"Fitsararriya. Tashi kafin ki haihu min a ɗaki."

Washegari kwanon ya dawo babu komai a ciki. Ba ta yi min magana ba dai.

Naƙuda ta zo min da hantsi, ina jiƙa waken suya. Maigida yana kasuwa. Hajiya ce ta fito da mayafinta ta aika a tsayar da keke, don fushi daban, haihuwa daban. Kafin mu fita na koma ɗaki na ɗaga zannuwa na ɗauko sabon katin da sabuwar takardar, na haɗa su a leda ɗaya. A cikin keken, tsakanin ciwo da ciwo, na miƙa mata.

"Hajiya, ki riƙe wa takwararki."

Na zaci za ta sake yi min maganar mugun fata. Ta kalli ledar, ta kalle ni. Ta karɓa ta cusa a lalitarta ta ɗaure da kyau, sannan ta daka wa mai keken tsawa ya bi ramuka a hankali, ba buhun albasa ya ɗauko ba.

Haihuwar ta yi wuya. Na zubar da jini, sai da aka ƙara min. Akwai lokacin da muryoyin ma'aikatan suka yi min nisa kamar daga wani gida suke magana. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma a cikin tsoron babu wancan guda ɗayan. Shi na riga na sauke shi.

Na tashi. Namiji na samu. Da aka yi suna, kwana biyu tsakani na aika aka kira min sakatariya har ɗaki, na ce ta zo da fom da tawada da shaidunta a buɗe wa yaron asusu. Shi ba ɗan fari ba ne, sunansa bai yi min nauyi ba. Duk da haka na ce a karanta min. Ta ce, "Ke dai Madam ta bar mana aiki."

Ledar ta yi wata guda a wurin Hajiya. Ranar da ta dawo min da ita, a kan tabarma ta ajiye, ta ce, "Ga kayanki, mai baki." Har yau haka take kirana in ranta ya yi daɗi, in ya ɓaci ma haka.

Ban sake kiran sunan ba tun ranar nan. A gida Hajiya Ƙarama ce, kuma haka za ta zauna a bakina, don ni ma 'yar mahaifiyata ce, ban zubar da abin da na gani a wurinta ba. Amma duk wadda take jiran in ce na yi nadama, ta nemi kujera.

Bana yarinyar ta shiga aji ɗaya. Da aka je biyan kuɗin makaranta daga asusunta, aka ɗora katin kusa da takardar, aka duba wannan aka duba wancan, aka buga hatimi. Ko minti biyar ba mu yi ba. Yanzu ta iya rubuta sunanta. Rannan ta rubuta shi da gawayi a bangon tsakar gida, manya-manya, daidai inda yake kallon ƙofar kakarta. Na ɗebo ruwa zan wanke, Hajiya ta leƙo daga ɗaki ta ce in bar mata bangonta.

Na bar shi. Kullum in na fito da kaskon awara sai na tsaya na kalli ƙarshensa, inda ruwa ya taɓa ci. Wannan harafin yanzu na san shi.